Ƙullin Dabino a Bakin Taga

Litinin, 7 ga Oktoba, da hantsi

Malama Adawiyya ta asibiti ta ba ni kati, ta ce duk ranar da mijina Malam ya haɗiyi ƙwayoyinsa a gabana in sa alama. Gidajen katin ƙanana ne, alama kawai suke ci, ni kuwa cikina cike yake da magana. Shi ya sa na ɗauko tsohon littafin makarantar 'yata Raudatu, wanda ta bari da ta yi aure ta koma Funtuwa, na juyo shi ta baya. Rabona da dogon rubutu tun ina aji uku a sakandare. In hannun ya karkace, ba mai dubawa.

Tarin fuka ne. Na rubuta sunan sau ɗaya, ba zan ƙara ba. Yau sati bakwai da fara magani. Ƙwaya huɗu bayan sallar asuba, ciki ba komai, sai an jima a karya. Yana kwana shi kaɗai a shagon zaure, taga a buɗe, kamar yadda aka ce.

Duk garinmu Ƙarfi an san Malam Maiwada da tumbi. Abokansa na yi masa tsiya, wai buhun masara ɗaya yake ɓoyewa a cikin riga. Yanzu in na wanke rigar nan na shanya, na fi ganin mutum a cikinta bisa igiya.

Amma na ɗau mataki tun sama da sati uku da suka wuce. Na sayar da jar akuyata, ƙaninsa Jibo ya sayo mini zuma galan guda a kasuwar Musawa, farar saƙa, ba haɗi. Cokali uku a kunun safe, uku a furar rana, da yamma shayi da madara. Sai na mayar da tumbin nan inda yake, in Allah ya yarda.

Laraba, 9 ga Oktoba, bayan la'asar

'Yan dubiya sun yi yawa yau. Kowa da ledarsa: lemon kwalba, madarar gwangwani, sukari, rake. Ba a tafiya sai an ga ya kurɓa, shi kuma ba ya iya ba mutum kunya. Na ji daɗi, mutane sun nuna mana halacci.

Inna ma ta zo, kamar kullum. Inna Hajo mahaifiyarsa ce, ɗakinta na can ƙarshen gida kusa da rumbu. Malam ɗanta ne na fari, ita kuwa 'yar gidan makiyaya ce daga wajen Dayi, kunyar ɗan fari a wurinsu ba abin wasa ba ce. Shekarata ashirin da shida a gidan nan ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. “Wancan” take cewa, ko “mai gidan nan”. Ba ta shiga shagon, ba ta kallonsa. Sai ta tsaya a jikin bango ta waje, ta fuskanci bishiyar darbejiya ta ce, “An tashi lafiya a nan?” Shi kuma ya amsa daga ciki, “Lafiya lau, Inna.” Sai ta kwance bakin zanenta, ta ajiye ƙullin dabino a bakin taga, ta wuce tana yi wa kaji faɗa.

Ya ce tun yana yaro haka take yi. Jibo ta goya shi, ta yi masa wasa, ta kira sunansa har unguwa ta ji. Shi kuwa sai dai ya tashi da safe ya tarar da alewa ƙarƙashin matashi.

Alhamis, 10 ga Oktoba, azahar

Buta huɗu ta ruwan sha kafin azahar. Na ce masa ko raƙumi ya sara maka.

Asabar, 12 ga Oktoba, da yamma

Na dafa ruwa na zauna na cuɗa masa wuya da soso. Bayan wuyansa ya yi baƙi ƙirin, ya yi kauri kamar fatar da aka jeme. Ya daɗe haka, tun kafin ciwon nan, ni dai ina cewa dauɗar gona ce. Na dirza har ya ce, “Baraka, wuyan nan aro kika ba ni?” Bai fita ba.

Wani abu kuma. Kiyashi sun yi layi a makwararar bayan shago, inda yake kama ruwa. Fitsarin ya koma ja kamar zoɓo, wannan an faɗa mana tun farko aikin ƙwayar ne, kada mu tsorata. Kiyashin ne ban gane ba. Wataƙila na ɗiga zuma a wurin ban sani ba. Na zuba toka.

Litinin, 14 ga Oktoba, bayan magariba

Mun je Malumfashi, Jibo ya kai mu a mashin. Yau wata biyu cif, ranar kai majina a auna.

Ya hau sikeli. Kilo hamsin da shida. Wancan zuwan hamsin da takwas ne. Na ce wa Malama Adawiyya sikelinsu ya lalace. Ta yi murmushi ta ce in hau in gani. Na hau. Sikelin lafiyarsa lau, har ya tona mini asiri.

Ta duba takarda ta ce, “Har yanzu ba a auna masa sukari ba fa. Tun farko na ce ku zo da safe bai ci komai ba. Yau ya karya?”

Na ce ya karya mana. Wa zai ɗora marar lafiya a mashin tun daga Ƙarfi da wofin ciki? Tunda aka kawo ni gidan nan bai taɓa tsallake zaure bai sa wani abu a bakinsa ba, ba a kan ciwo zan fara ba.

Ta ce, “Hajiya Barakatu, ranar Alhamis sakamako zai fito. Don Allah ki daure ki kawo mini shi da yunwarsa. Ki riƙo kunun a jug, ina gamawa ki ba shi.”

Na ce to, amma raina bai so ba.

Alhamis, 17 ga Oktoba, bayan la'asar

Ƙwayar cutar tana nan a majinar.

Na rubuta wannan layin na daɗe ina kallonsa. Bari in faɗi sauran yadda ya faru.

Malama Adawiyya ta soki ɗan yatsansa, ta ɗiga jinin a wata 'yar na'ura. Ɗari biyu da goma. Ta ce na mai lafiya da bai karya ba bai kamata ya wuce ɗari da 'yan kai ba. Ta juya wuyansa ta duba baƙin nan da na sha dirza. Ta tambayi ƙishirwa, ta tambayi yawan fitsari. Ban gaya mata kiyashi ba, ita ta tambaya.

Ta yi mana bayani a hankali. Wai akwai wani sinadari da jiki ke yi, insulin sunansa, shi ke buɗe wa sukari ƙofa ya bar jini ya shiga tsoka ya zama ƙarfi. Jikin Malam yana yin sinadarin, amma tsokarsa ta daina jin maganarsa, kamar kwaɗon da ya yi tsatsa, makulli na shiga ba ya buɗewa. Sai sukarin ya taru a jini, mutum na ci yana ramewa. In jini ya cika da sukari haka, garkuwar jiki sai ta yi sanyi, tarin ya yi ta jan ƙafa bai bar ƙirji ba. Shi ma tarin yana ƙara hawan sukarin. Kowane na riƙe wa ɗan'uwansa ƙafa.

Sai ta ce, “Me yake ci a gida?”

Wallahi da alfahari na fara lissafi. Na gyara zama ma. Zuma safe da rana, madara, lemon 'yan dubiya, rake. Ina cikin faɗa na ga ta ajiye biro. Ban ƙarasa ba.

Ta kama hannuna ta ce, “Ba ke kika sa masa ba. Ya daɗe da shi, tun zamanin tumbin. Amma daga yau a daina.”

An ƙara masa ƙwayar sukari, safe da yamma. Za a sa majinar a babbar na'ura a ga ko cutar ta fi ƙarfin maganin da yake sha. Bayan wata guda kuma a sake aunawa. Na ce in an sake an same ta fa? Ta ce mu bar wannan tukuna.

Muka kamo hanya. Jug ɗin kunun na kan cinyata har gida, ba wanda ya tuna da shi.

Juma'a, 18 ga Oktoba, da hantsi

Na tura galan ɗin can ƙarƙashin gado. Ba na son ganinsa.

Lahadi, 20 ga Oktoba, bayan azahar

Mun yi faɗa, na farko tun da ya kwanta.

Na kai masa kunu rabin kofi, ba zuma ba sukari, da dafaffen wake da kwaɗon zogale. Ya kurɓa ya ɓata fuska ya ce, “Wannan kunu ne ko ruwan wankin ƙwarya?” Da rana na kai tuwo malmala ɗaya ƙarama, miyar kuka da kifi ta fi tuwon yawa. Ya ɗaga malmalar ya duba ƙarƙashinta, wai yana neman uwarta.

Da wani lokaci ne da na yi dariya. Yau sai na ji kaina ina cewa, “In ba za ka ci ba ka bari! Ni na gaji! Na ba ka daɗi an ce na cuce ka, na hana ka kuma ka ce na cuce ka!”

Ya dube ni ya ce, “Wa ya ce kin cuce ni?”

Ba wanda ya ce. Na fita na tsaya bayan rumbu na yi kukana. Da na dawo ya cinye, har ya suɗe kwanon ya kife shi inda zan gani.

Talata, 22 ga Oktoba, da yamma

Alhamdulillahi. Malama Adawiyya ta kira wayar Jibo, ta ce babbar na'ura ta nuna cutar na jin magani. Ba sai an canza masa zuwa doguwar hanya ba. Ta ce yanzu yaƙin na sukari ne, yana hannunmu.

Yana hannunmu, amma ba a gaya wa 'yan dubiya ba. Yau na tare mutum uku a ƙofar shago, na karɓi ledojinsu na yi godiya na kai ciki. Maƙwabciyarmu Tasalla ta ce, “A'a, ba ke na kawo wa ba, buɗe masa ya sha a gabana.” Na yi mata bayani. Ta taɓe baki ta ce, “Mutum kamar sillen kara a ce an hana shi abinci? Wannan wane irin asibiti ne?”

Kafin magariba maganar ta zagaya ta dawo mini. Wai ina tara kayan dubiya a ɗakina, mijina na kwance da yunwa. Na raba wa maƙwabta lemon duka, har gidan Tasallar na aika da biyu. Ta sha ta ƙoshi.

Alhamis, 24 ga Oktoba, da hantsi

Na ɗaga tabarmarsa zan share. Ƙwallayen dabino a jere a jikin bango.

Juma'a, 25 ga Oktoba, da hantsi

Ƙwallaye tara yau.

Asabar, 26 ga Oktoba, bayan la'asar

Na zuba su a tafin hannuna na nuna masa. Bai yi musu ba.

Na ce, “Malam, ni na sha zagin gari a kan lemon kwalba, kai kana nan kana cin dabino goma-goma?”

Ya ce, “Zauna, Baraka.” Na zauna a bakin ƙofa. Ya ce, “Shekarata hamsin da biyu. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa dafa kaina a gaban mutane ba. Ban riƙe ta da komai ba, haka ta taras ana yi. Amma ƙullin nan shi ne duk maganar da ke tsakanina da ita. Da safe takan leƙo ta ga ko ƙyallen ya koma wofi. In ta tarar da shi yadda ta ajiye, me kike so ta ɗauka?”

Na ce ya ba ni in ɓoye, ya mayar mata da ƙyallen.

Ya ce, “Uwata za ta ba ni abu in yi mata ƙarya?”

 Haushinsa nake ji, tausayinsa kuma ya fi haushin. Jibo ya riga ya gaya wa Inna maganar sukarin tun ranar farko, ta ce dabino ba sukari ba ne, abincin buɗa-baki ne, ba ya cutar da kowa. Ni kuwa suruka ce. Da wane baki zan tsaya gaban Inna in ce ta daina ba ɗanta abu?

Litinin, 28 ga Oktoba, bayan azahar

Sukari ɗari da tamanin da biyar. Ya sauka, amma ba yadda Malama ta so ba. Nauyi yana nan hamsin da shida.

Malama Adawiyya ta ce, “Akwai abin da ke shiga ta bayan fage.” Na ce babu. Malam ya kama kallon silin. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya kamar ɗalibai, ta ce dabino ɗaya ko biyu bayan abinci ba zai yi ɓarna ba nan gaba, amma ba yanzu ba, kuma ba ƙulli guda ba. Ban san yadda aka yi ta sani ba. Ta ce ta ga gidaje da yawa.

Saura sati biyu.

Laraba, 30 ga Oktoba, bayan la'asar

Na yi. 

Na jawo galan ɗin daga ƙarƙashin gado na ɗauka zuwa ɗakin Inna. Tana zaune a ƙofa tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na gaishe ta, na ajiye shi a gabanta. Saura kamar kashi ɗaya cikin uku.

Na ce, “Inna, na zo in gaya miki abin da na yi ne. Kin ga zumar nan? Akuyata na sayar na saya. Sati biyar ina ɗura masa safe da rana. Ina ganin yana shan ruwa kamar ba gobe, ina ganin kiyashi, ina ganin yana ramewa, ni kuma ina ƙara cokali. Ashe jininsa ba ya iya ɗauka. Ashe duk zaƙin da ya shiga bakinsa, ciwon ƙirjin yake ƙara wa kwana. Ban yi don mugunta ba, Inna, Allah ya sani. Ni dai ban san wata hanyar da zan nuna masa ba sai ta abinci.”

Ban ambaci dabino ba, ko da wasa.

Hannunta ya tsaya a kan gyaɗar.  Can ta ce, “Kowane irin zaƙi?”

Na ce, “Haka suka ce, Inna. Har sai ƙirjin ya washe.”

Ta ce, “In bai washe ba fa?”

Na ce ban sani ba. Gaskiyar ke nan.

Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Ta ce, “Tashi ki je, rana na yi. Bar wannan a nan.”

Alhamis, 31 ga Oktoba, da hantsi

Inna ba ta zo ba. Ba komai a bakin taga.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, da hantsi

Ba ta zo ba.

Asabar, 2 ga Nuwamba, bayan azahar

Kwana uku. Ya gyara shimfiɗarsa yadda zai riƙa ganin taga. Ko kaza ce ta gifta sai ya ɗaga kai. Ya bar rabin wakensa, jiya ma haka.

Ya ce, “Me kika ce mata?” Na faɗa masa duka. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi, “To.”

Na kai wa Inna tuwo, ta karɓa, ta sa mini albarka kamar kullum. Idonta ya kumbura. Ta ce hayaƙi ne, alhali ba ta hura wuta ba.

Ina tsoro. Ina tsoron na raba uwa da ɗa a kan lambar da ke cikin na'ura. In ƙirjin ya warke wannan kuma ya karye, me na gyara?

Lahadi, 3 ga Nuwamba, da hantsi

Ta zo!

Ina cikin shara na ji muryarta, ta fuskanci darbejiyarta: “An tashi lafiya a nan?” Saura kaɗan ya faɗo daga gado wajen amsawa. Ta kwance bakin zane ta ajiye ƙulli.  Tana wucewa na kai hannu na riga shi.

Ƙwan zabi biyu, dafaffu, da ɗuminsu. Da soyayyar gyaɗa cikin tafi, wadda na tarar tana ɓara.

Ya ɓare ƙwan a hankali kamar mai tsoron ya ƙare. Ya miƙo mini rabi, na ce a'a, ba ni aka kawo wa ba.

Talata, 5 ga Nuwamba, bayan la'asar

Yau na yi dariyar da rabona da ita tun damina.

Inna ta ɗauko kujerarta 'yar tsugune ta kafa a ƙofar zaure, ta juya wa shagon baya, wai iska take sha. Duk wanda ya zo da leda sai ta ce, “Mu gani.” In lemo ne ko rake ta ce, “Koma da shi ka ba 'ya'yanka. In kana son lada kawo ƙwai ko kifi.” Tasalla ta zo da gwangwanin madara mai zaƙi, ta fara, “Ai Inna, mutum kamar sillen kara…” Inna ta ce, “Ke kika haife shi?” Tasalla ta juya ko sallama babu.

Ni aka zaga sati biyu a kan maganar nan. Yau ba wanda ya ce uffan. Wa zai ce Hajo na ɓoye kayan dubiya?

Zumar kuwa ta aika da ita gidan mai jego a bayan masallaci. Na ji wani iri da na tuna jar akuyata, amma ya wuce.

Juma'a, 8 ga Nuwamba, bayan magariba

Jibo da masu aiki sun gama karyar masara a gonar bakin rafi. Malama ta ce ya riƙa 'yar tafiya kullum, tana taimaka wa tsoka ta karɓi sukari. Yau ya ce sai ya ga masararsa. Muka tafi a ƙafa bayan la'asar, ya huta sau biyu a hanya. Ya ɗauki zangarniya ɗaya ya ɓare, ya danna ƙwayar da farce, ya fara yi wa Jibo faɗa wai an bar ta ta sha rana da yawa. Da na ji faɗan nan sai na ji sanyi a raina.

Buta ɗaya da rabi yau. Na leƙa makwarara, ba kiyashi.

A hanyar dawowa ya ce, “Kin san tun sati na biyu zumar nan take hawa mini kai? Ina sha sai in ji kamar an ɗaure ni.” Na tsaya cak. Na ce me ya hana ka faɗa? Ya ce, “Yadda kike tsayawa a kaina kina murna in na shanye. Kuma na san akuyar.”

Na ce masa shi da uwarsa da ni duk ɗaya muke, ba mai wayo a cikinmu. Ya yi dariya har tari ya kama shi, amma gajere.

Litinin, 11 ga Nuwamba, bayan azahar

An karɓi majina. Sukari ɗari da talatin da biyar. Nauyi hamsin da bakwai da rabi. Na kai shi da yunwarsa ba tare da an roƙe ni ba.

Sai Alhamis.

Laraba, 13 ga Nuwamba, la'asar

Na wanke abin da ba ya buƙatar wanki. Inna ma na ga tana share gaban rumbu karo na uku.

Alhamis, 14 ga Nuwamba, bayan magariba

Ba a ga komai ba. Majinar ta fita fes.

Malama Adawiyya ta ce kada mu saki jiki. Saura wata uku na ƙwaya, ba fashi ko na rana ɗaya, za a sake aunawa a wata na biyar da na shida. Sukarin kuma mai yiwuwa ya ƙara sauka in ƙirjin ya gama warkewa, mai yiwuwa kuma abokin zama ne har abada. Na ce mun ji, mun gode. Na so in rungume ta, kunya ta hana ni.

Amma ba wannan na zauna rubutawa ba.

Mun iso gida bayan la'asar. Tun daga nesa na hango Inna tsaye a ƙofar zaure, ba ta zauna a kujerar ba. Jibo ya tsayar da mashin, Malam ya fara sauka, ni ina fama da mayafina da ya maƙale. Na san abin da za ta yi. Za ta dubi Jibo ko ni ta ce, “Me aka ce wa wancan?”

Ba ta dube mu ba. Ta tako har gabansa, ta ɗaga kai ta kalli fuskarsa, ta ce, “Maiwada, me suka ce?”

 Mutum mai furfura a gemu, ya tsaya a tsakiyar hanya yana kallonta. Ni na amsa. Na ce, “Ya washe, Inna. Ba su ga komai ba.”

Ta ce, “Alhamdulillahi.” Sai kuma kamar ta farka, ta ja mayafi ta rufe baki, ta juya ta shige gida da sauri tana cewa wa ya bar kajin nan suka shiga cikin masara. Ba kaza ko ɗaya a wurin.

Juma'a, 15 ga Nuwamba, da hantsi

Ƙwaya bayan asuba, na sa alama a kati. Kunu rabin kofi, wake, zogale. Bai yi ƙorafi ba.

Inna ta zo, ta fuskanci darbejiya. “An tashi lafiya a nan?” Ƙwai biyu a bakin taga. Ta wuce kamar jiya ba ta faru ba.

Ya bi ta da kallo har ta sha kwana. Sannan ya ce, ƙasa-ƙasa, “Baraka, jiya kin ji, ko kunnena ne?”

Na ce, “Na ji. Jibo ma ya ji.”

Ya juya ƙwan a hannunsa. Ya ce, “Littafin nan da kike ta rubutu a ciki, kina sa rana da lokaci?”

Na ce ina sawa.

Ya ce, “To ki sa wannan. Kada wata rana in ce mafarki na yi.”

Na ce na riga na sa. Ya ce in ƙara, a shafi daban, da manyan baƙaƙe.

Ga shi nan, Malam. Alhamis, sha huɗu ga Nuwamba, bayan la'asar, a ƙofar zaure. Inna ta ce Maiwada.